Masu aikin bayan fage a waƙa: furodusa, injiniyan haɗa sauti da makaɗin haya

Duk waƙar da ta fito daga sutudiyo tana ɗauke da suna ɗaya ko biyu a goshinta, amma hannayen da suka gina ta sun fi haka yawa. Akwai wanda ya tsara yadda za ta kasance tun kafin a kunna makirfo. Akwai waɗanda suka kaɗa ganga da jita da fiyano. Akwai kuma wanda ya shafe awanni yana daidaita amo har muryar mawaƙi ta fito tangaran. Waɗannan su ne furodusa, da makaɗin haya, da injiniyan haɗa sauti. A manyan kamfanonin waƙa, mutane daban-daban ne ke riƙe da ayyukan uku. A ƙananan sutudiyo kuwa, sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin su duka a gaban kwamfuta ɗaya.

Tarihin sana'o'in ya nuna cewa kuɗin waƙa yana bin sunan da aka rubuta a takarda ne, ko da kuwa wani ne ya fi zubar da gumi. Duk inda ma'aikatan bayan fage suka samu kaso mai ɗorewa, sun same shi ne ta yarjejeniya a rubuce, ko ƙungiyar ƙwadago, ko hukuncin kotu, ko dokar ƙasa. Inda babu ko ɗaya daga cikinsu, sai lamarin ya koma na kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aikin furodusa

A masana'antar fim, wanda ake kira furodusa shi ne mai nemo kuɗi da ɗaukar nauyin shiri. A harkar waƙa kalmar ta fi kusa da aikin darakta. Furodusa ne ke taimaka wa mawaƙi wajen zaɓar waƙar da za a naɗa, ya tsayar da saurin kiɗa da ma'aunin da ya dace da muryar mai rerawa, ya yanke shawarar inda amshi zai shigo da inda kiɗa zai lafa. Shi ke ɗauko makaɗa, ya lura da kasafin kuɗi da lokacin sutudiyo, kuma shi ke da ikon cewa a maimaita baiti sau goma har sai ya zauna.

Furodusoshi iri biyu ne a dunƙule. Na farko shi ne mai jagorantar makaɗa da mawaƙa a zauren naɗi, irin George Martin wanda ya yi aiki da ƙungiyar Beatles a Ingila, ko Quincy Jones wanda ya shirya wa Michael Jackson kundin Off the Wall a 1979, da Thriller a 1982, da Bad a 1987. Na biyu shi ne mai ƙera kiɗan da kansa a kan na'ura, sannan mawaƙi ya hau kai. Wannan salon ne ya mamaye hip-hop da Afrobeats da waƙoƙin sutudiyon Hausa. Manhajoji irin su Cubase da ta fito a 1989, da Pro Tools a 1991, da FruityLoops wadda ta bayyana a ƙarshen shekarun 1990 aka kuma sauya mata suna zuwa FL Studio, su ne suka mayar da aikin da a da ke buƙatar babban gini zuwa abin da matashi zai iya farawa a ɗakinsa.

Labarin George Martin ya nuna yadda matsayin furodusa ya sauya. Shi ne ya ɗauki Beatles a kamfanin Parlophone, wani reshen EMI, a 1962. Faifan ƙungiyar suna ta sayuwa a duniya, amma shi ma'aikaci ne mai albashi, ba shi da kaso a cinikin. A 1965 ya ajiye aikin, ya haɗu da wasu abokan sana'a suka kafa kamfanin AIR, inda furodusa ke aiki a matsayin mai zaman kansa kuma yake karɓar kaso daga abin da faifai ya kawo. A yau, a kasuwannin Amurka da Ingila, sanannen furodusa kan karɓi kuɗin hannu kafin aiki, sannan a rubuta masa kaso, galibi tsakanin kashi 3 zuwa 5 cikin 100, wanda yawanci daga rabon mawaƙin ake cire shi.

Aikin injiniyan haɗa sauti

Ba a naɗar waƙar zamani a dunƙule. Kowace murya da kowane kayan kiɗa suna da nasu layin. Mai jita ɗan Amurka Les Paul yana cikin waɗanda suka share fagen wannan dabara a shekarun 1950. A 1967 Beatles sun naɗi kundin Sgt. Pepper da na'urori masu layi huɗu kacal. A yau waƙa ɗaya a kwamfuta kan haura layi ɗari. Aikin injiniyan haɗa sauti shi ne ya mayar da wannan tarin layuka abu guda da kunne zai karɓa.

Yana farawa da ƙarfin kowane layi, don kada ganga ta danne murya. Daga nan ya raba sautuka tsakanin dama da hagu, yadda mai sauraro zai ji kamar makaɗan suna jere a gabansa. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin amon da ke kaɗawa daga kimanin sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, kuma kayan kiɗa da yawa suna cunkushewa a yanki ɗaya na wannan fili. Injiniya kan rage kaurin wannan, ya ƙara sirantar wancan, har kowa ya samu wurin zama. Yana kuma matse tazarar da ke tsakanin raɗa da ɗaga murya, domin kalmar da aka faɗa a hankali ta ji wu a cikin mota ko a kasuwa. Sannan ya ƙara amsa-kuwwa gwargwadon buƙata, ya gyara inda murya ta kauce wa kari. Manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997 kuma ta yi fice bayan waƙar Believe ta Cher a 1998, an ƙirƙire ta ne don wannan gyara, kafin ta zama ado mai zaman kansa da ake ji a waƙoƙin Kano da Legas.

Babu ma'aunin da ke nuna cewa haɗi ya kammala, sai dai kunne da hukunci. Bruce Swedien, injiniyan da ya yi aiki da Quincy Jones, ya sha ba da labarin cewa sau 91 ya haɗa waƙar Billie Jean, daga ƙarshe aka koma aka ɗauki haɗi na biyu. Bayan haɗi akwai mataki na ƙarshe, wato gogewar da ke daidaita ƙarar waƙa da kaurinta don ta yi daɗi a rediyo da waya da babbar lasifika. A manyan ayyuka wani injiniya ne daban ke yin wannan, saboda kunnen da ya kwana a kan waƙa yakan daina jin aibinta.

Mafi yawan injiniyoyi kuɗin aiki kawai suke karɓa a kan kowace waƙa. Ƙalilan daga cikin fitattu ne ke samun ɗan kaso a ciniki.

Aikin makaɗin haya

Makaɗin haya shi ne wanda ake kira ya zo sutudiyo ya kaɗa ko ya yi amshi, a biya shi, ya tafi. Ba ɗan ƙungiyar mawaƙin ba ne, kuma hotonsa ba ya fitowa a bangon faifai. Sana'ar tana buƙatar saurin ɗaukar waƙa daga ji ɗaya ko daga takardar kiɗa, da iya sauya salo daga wannan aiki zuwa wancan, da zuwa a kan lokaci, da haƙurin kaɗa abin da aka nema ko da yana ganin ya fi haka iyawa.

Misali mafi shahara shi ne na kamfanin Motown da Berry Gordy ya kafa a birnin Detroit a 1959. Rukunin makaɗan da ake kira Funk Brothers, waɗanda suka haɗa da James Jamerson mai jita mai kaurin amo, da Benny Benjamin mai ganguna, da Earl Van Dyke mai fiyano, su ne suka kaɗa a mafi yawan fitattun waƙoƙin Supremes da Temptations da Stevie Wonder a shekarun 1960. Kamfanin bai saba rubuta sunayensu a jikin faifai ba, sai a 1971 da Marvin Gaye ya fitar da kundin What's Going On. Shekara guda bayan haka Motown ya tattara ya koma Los Angeles, ya bar da yawansu a Detroit. Jamerson ya rasu a 1983. Sai a 2002 wani fim na tarihi ya gabatar da su ga duniya, aka kuma ba su lambar Grammy ta karramawa a 2004.

A Los Angeles ma akwai wani rukuni da aka fi sani da Wrecking Crew, cikinsu har da Hal Blaine mai ganguna da Carol Kaye, mace mai kaɗa jita mai kaurin amo. Su ne suka kaɗa mafi yawan kiɗan kundin Pet Sounds na Beach Boys a 1966, kuma sun kaɗa a faifan wasu ƙungiyoyin da jama'a ke zaton membobinsu ne ke riƙe da kayan kiɗan.

Waƙa ɗaya, dukiya biyu

Fahimtar dalilin da ya sa wani ke ci gaba da karɓar kuɗi shekara da shekaru, wani kuma aka sallame shi tun ranar farko, tana buƙatar sanin yadda doka ta kasa waƙa gida biyu.

Dukiya ta farko ita ce ƙirar waƙar, wato baitukanta da karinta. Wannan na marubuci ne da wanda ya tsara karin. Dukiya ta biyu ita ce uwar naɗi, wato takamaiman sautin da aka ɗauka a sutudiyo. Wannan yawanci tana hannun wanda ya ɗauki nauyin naɗin, kamfani ne ko mawaƙin kansa. Duk lokacin da aka sa waƙa a rediyo, ko aka saurare ta a intanet, ko aka yi amfani da ita a fim ko talla, kuɗin da ya taso yana bin waɗannan hanyoyi biyu.

Furodusan da ya ƙera kiɗa yana da hujjar neman kaso a gida biyun, domin ya tsara wani ɓangare na ƙirar, ya kuma gina naɗin. Injiniya da makaɗin haya kuwa, a bisa al'adar kasuwa, ana ɗaukar cewa kuɗin da aka ba su ya rufe komai. Matsalar ita ce iyakar da ke tsakanin kaɗa abin da aka umarce ka da ƙirƙirar sabon abu ba ta fito sarai ba. Sau da yawa ɗan jan jita ko salon gangar da makaɗi ya ƙago nan take shi ne abin da jama'a ke tuna waƙar da shi.

A 1969 Gregory Coleman na ƙungiyar Winstons ya kaɗa ganguna shi kaɗai na kimanin daƙiƙa shida a cikin waƙar Amen, Brother. Daga baya aka riƙa yanko wannan guntun ana dasa shi a dubban waƙoƙi. Coleman bai samu kuɗin haƙƙin mallaka daga hakan ba, kuma ya rasu a 2006 cikin talauci. Clyde Stubblefield, mai gangunan James Brown, ya gamu da irin wannan a kan waƙar Funky Drummer ta 1970. Kiɗansa ya zama ginshiƙin waƙoƙin hip-hop masu tarin yawa, amma sunansa ba ya cikin marubutan waƙar, don haka kason ya wuce shi.

Wasu sun garzaya kotu. A 1973 aka biya mawaƙiya Clare Torry fam 30 don ta rera murya marar kalmomi a kan waƙar The Great Gig in the Sky ta ƙungiyar Pink Floyd. Ita ta ƙago karin da ta rera. A 2004 ta shigar da ƙara, aka sasanta a 2005, kuma tun daga lokacin sunanta yana fitowa a matsayin wadda ta yi tarayya a ƙirar waƙar. Ko Quincy Jones sai da ya kai masu kula da dukiyar Michael Jackson kotu a kan kasonsa. A 2017 aka yanke a biya shi dala miliyan 9.4, amma kotun ɗaukaka ƙara ta zaftare mafi yawan kuɗin a 2020, kuma muhawarar duka a kan fassarar kalmomin yarjejeniyarsa ta ta'allaƙa.

Abin da ƙungiya da doka suka sauya

Kariyar da makaɗan haya ke da ita a wasu ƙasashe ba kyauta aka ba su ba. A watan Agustan 1942 ƙungiyar makaɗan Amurka, ƙarƙashin jagorancin James Petrillo, ta hana membobinta shiga sutudiyon kamfanonin faifai. Hujjarta ita ce faifai na maye gurbin makaɗa a gidajen rediyo da wuraren shaƙatawa, alhali ba a biyan su komai. Sai a watan Nuwamban 1944 manyan kamfanoni na ƙarshe suka miƙa wuya, suka amince su riƙa zuba wani kaso na cinikin faifai a asusun makaɗa. Har yanzu ƙungiyar ce ke tsayar da mafi ƙarancin kuɗin zaman naɗi ga membobinta.

A Amurka, kuɗin da gidajen rediyon intanet da na tauraron ɗan Adam ke biya a kan naɗi yana bi ta hukumar SoundExchange, kuma doka ce ta raba shi: kashi 50 ga mai uwar naɗi, kashi 45 ga mawaƙin da sunansa ke kan waƙar, kashi 5 ga makaɗan haya da 'yan amshi. Wata dokar da aka sa wa hannu a 2018 ta tabbatar wa furodusoshi da injiniyoyi hanyar karɓar nasu kason kai tsaye daga hukumar, idan mawaƙi ya ba da umarni a rubuce. A Birtaniya, kuɗin da rediyo da talabijin da wuraren taruwar jama'a ke biya ana raba shi biyu tsakanin kamfani da duk waɗanda suka yi kiɗa ko waƙa a naɗin, har da na haya. A 2011 Tarayyar Turai ta tsawaita kariyar naɗi daga shekara 50 zuwa 70, ta kuma wajabta wa kamfanoni ware kashi 20 na kuɗin ƙarin shekarun ga makaɗan da aka sallama da biya ɗaya.

Duk da haka akwai babban giɓi. A Birtaniya wancan rabon bai shafi manhajojin da mai sauraro ke zaɓar waƙa da kansa ba, alhali a nan ne mafi yawan kuɗin waƙa yake a yau. A 2021 wani kwamitin majalisar dokokin ƙasar ya binciki lamarin, ya kuma ba da shawarar a faɗaɗa haƙƙin ya kai ga sauraro ta intanet.

Yadda abin yake a Najeriya

A shekarun 1970 Legas tana cikin manyan cibiyoyin naɗin waƙa a Afirka. EMI da Decca suna da sutudiyo, kuma furodusa Odion Iruoje na EMI ya yi aiki da Fela Kuti da ƙungiyar Ofege. A 1973 Paul McCartney ya naɗi mafi yawan kundin Band on the Run a birnin. A wannan zamanin ne Tony Allen, mai ganguna kuma jagoran makaɗan ƙungiyar Africa 70, ya gina salon bugun da ake gane Afrobeat da shi. Ya rabu da Fela a ƙarshen shekarun 1970, kuma ya sha bayyana cewa batun biya na cikin dalilan rabuwar.

Bayan manyan kamfanonin ƙetare sun janye a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, kasuwa ta koma hannun 'yan kasuwar faifai, musamman na Alaba, waɗanda ke sayen kundi da kuɗi dunƙule. Wannan ya ƙarfafa al'adar sayar da kiɗa sau ɗaya ba tare da kaso ba. Wasu furodusoshi sun kuɓuta ta hanyar zama masu kamfani. Don Jazzy ya kafa Mo'Hits tare da D'banj, sannan ya kafa Mavin a 2012, kamfanin da Universal ya sanar da sayen mafi yawan hannun jarinsa a 2024. Wasu kuma sun ɓullo da dabarar sa ɗan tambarin murya a farkon kiɗansu domin mai sauraro ya san aikin wane ne.

A ƙasar Hausa tsarin ya girmi sutudiyo. Ana tuna Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Barmani Choge da sunayensu, amma kaɗan ne za su iya lissafa masu kalangu da kotso da ƙwarya da 'yan amshin da suka tsaya a bayansu. Sai dai a wancan tsarin makaɗi ɗan gida ne. Yana tafiya tare da ubangidansa, kuma idan an samu kyauta ana raba ta bisa al'adar ƙungiya. Shigowar fiyanon Yamaha sutudiyon Kano a shekarun 1990, wadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazari a kanta, ta sauya wannan. Mutum ɗaya ya koma yana fitar da amon ganga da sarewa da goge daga na'ura ɗaya. Wanda ake kira makaɗi a sutudiyon Kano ko Kaduna ko Jos a yau, a mafi yawan lokuta, shi ne furodusa, shi ne makaɗin haya, shi ne kuma injiniya, amma kuɗin aiki ɗaya yake karɓa. A fina-finan Kannywood ma an daɗe ana ganin jarumai suna bin waƙa da baki, masu ainihin muryoyin suna bayan fage, kafin mawaƙan sutudiyo su fara fitowa da nasu kundin.

Mawaƙan Hausa sun saba ambaton makaɗi ko sutudiyo a cikin waƙa, kuma hakan yana jawo wa makaɗin sababbin ayyuka. Amma ambato ba ya ba da haƙƙin mallaka. Idan waƙar ta tara miliyoyin masu kallo a YouTube, kuɗin yana shiga asusun mai tashar ne.

Kakar zaɓe na cikin lokutan da sutudiyon Arewa ke cika da aiki. Ɗan takara ko magoya bayansa su biya mawaƙi, mawaƙi ya biya makaɗi, daga nan waƙar ta shiga gangami da gidajen rediyo da wayoyin jama'a. Kyautar mota ko gida ko muƙami, idan ta zo, mawaƙin take nema. Akwai kuma haɗarin hukuma. A Kano, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i da aka kafa a 2001 tana sa ido a kan waƙoƙi, kuma an gurfanar da Aminu Ala a 2009 da Naziru Sarkin Waƙa a 2019 bisa zargin fitar da waƙa ba tare da tacewa ba. Waƙar da aka hana fita asara ce ga duk wanda ya taɓa ta.

Tsadar aiki ma ta ƙaru. Sutudiyo ba ya aiki sai da wuta, kuma cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin tayar da janareta. Faɗuwar darajar naira tun daga wannan shekarar ta ninka farashin makirfo da lasifika da kwamfuta, waɗanda duk daga waje ake shigo da su.

Abin da dokar 2022 ta tanada

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali daga 1988. Ƙirar waƙa tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, naɗi kuma shekara 50. Haƙƙin yana tabbata da zarar an samar da aikin, ko ba a yi rajista ba, sai dai rajista a Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana zama shaida idan rigima ta taso. Dokar ta amince da haƙƙin masu kiɗa da waƙa a kan abin da suka gabatar, ta ba su da mai naɗin ikon samun biya na adalci idan an watsa naɗin a kafafen watsa labarai, ta kuma samar da hanyar neman a sauke aikin da aka sata daga intanet. Miƙa haƙƙin mallaka ga wani kuwa ba ya inganta sai a rubuce.

Wahalar tana wajen karɓo kuɗin. An ba ƙungiyar COSON lasisin tattara kuɗin haƙƙin mallaka a 2010, aka ba MCSN a 2017, sannan hukuma ta dakatar da lasisin COSON a 2018 bayan rikicin shugabanci. Shekarun shari'a da suka biyo baya sun rikita masu biya da masu karɓa.

A ɓangaren intanet kuɗi na ƙaruwa. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, ya ce mawaƙan ƙasar sun samu fiye da naira biliyan 25 daga manhajar a 2023, da fiye da biliyan 58 a 2024. Amma manhajar tana biyan kamfani ne ko dillalin da ya ɗora waƙar. Ko kuɗin zai gangaro zuwa ga wanda ya ƙera kiɗan, wannan ya dogara ga abin da aka rubuta tsakaninsa da mawaƙin.

Abin da mai shiga sana'ar ke buƙatar sani

Ana koyon ayyukan uku a makarantun kiɗa, amma mafi yawan masu yin su a Najeriya a ƙarƙashin wani maigida suka koya, suna kallo suna gwadawa. Kunne mai horo, da sanin tushen kiɗa, da iya zama da mutane sun fi tsadar kayan aiki muhimmanci. Kunnen ma jari ne mai ƙarewa. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bi ita ce kada a wuce awa takwas a cikin ƙara mai ƙarfin desibel 85, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage lokacin da rabi.

A ɓangaren haƙƙi, abin da ya fi kare ma'aikacin sutudiyo shi ne takardar rabo da ake cikewa a ranar da aka gama waƙa, kafin kowa ya san ko za ta karɓu. Tana ɗauke da sunan waƙar, da kwanan wata, da cikakken sunan duk wanda ya sa hannu a aikin, da abin da ya yi, da kason da aka amince masa a ƙirar waƙa da kuma a uwar naɗi. Ya kamata ta fayyace ko kuɗin da aka biya sayarwa ce baki ɗaya ko izinin amfani ne, da wanda zai riƙe layukan sautin na asali, da yadda za a rubuta sunaye idan an ɗora waƙar a intanet. Mai sutudiyo kuma yana buƙatar adana fayilolin aikinsa da saƙonnin da suka yi musaya da mawaƙi, domin su ne shaidarsa.

Wani sabon ƙalubale ya taso daga manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu haɗa kiɗa da murya cikin daƙiƙoƙi. A watan Yunin 2024 manyan kamfanonin waƙa na duniya suka kai Suno da Udio kotu a Amurka, bisa zargin horar da manhajojinsu da naɗe-naɗen da ba su da izini a kai. Masu uwar naɗi ne suka shigar da ƙarar, domin su doka ta sani. Makaɗan da amon hannayensu ke cikin waɗannan naɗe-naɗen za su samu wani abu ne gwargwadon abin da yarjejeniyoyinsu da ƙungiyoyinsu suka tanadar musu tun farko.